Sabuwar wayar majalisar gunduma: wa zai ɗauka idan talaka ya kira?

Duk wanda ya taɓa neman takardar izinin gini, ko ya kai kukan kwatar unguwa da ta toshe, ya san yadda ake samun ofishin majalisar gunduma a ƙasar nan. Lambar da ke jikin allon ƙofa, mai farawa da 0302 ko 0322 ko 0372, sau da yawa ta daɗe da mutuwa. Wadda ke aiki ita ce lambar wayar hannun wani ma'aikaci, kuma sai ka san wanda ya san shi kafin ka same ta. Wanda ba shi da kowa, sai ya rufe shago, ya biya kuɗin mota, ya je ya zauna a benci, ƙarshenta a ce masa, "Mai ofishin ya fita, ka dawo gobe."

Shi ya sa na sa ido da na ji majalisar da makarantarmu ke ƙarƙashinta ta kwashe tsoffin wayoyin tebur ta sa waɗanda ke kira ta intanet. Mu malaman makaranta abin ya shafe mu ƙwarai. In iska ta yaye rufin aji, ko kujeru suka kasa, sashen ayyuka na majalisa muke nema.

A ido, sabuwar wayar ba ta da wani bambanci da tsohuwar. Bambancin yana cikin hanyar da murya ke bi. Tsohuwar tana da igiyar tagulla tata ta kanta tun daga tebur har ofishin kamfanin waya. Sabuwar kuwa tana yayyanka murya ƙanana-ƙanana, ta tura ta igiyar da kwamfutocin ofis ke amfani da ita, a sake harhaɗa ta a kunnen mai sauraro. Wanda ya taɓa kira ta WhatsApp ya riga ya san irinta. Masu sana'ar suna ce mata VoIP. Kira ɗaya bai cin fiye da kusan kilobit 100 a daƙiƙa, wato ba wani nauyi ba ne ga layin intanet mai lafiya.

Canjin nan ba kwalliya ba ce. Igiyar tagulla tana ƙarewa a duniya. A Birtaniya da Faransa kamfanonin waya sun riga sun fara rufe tsoffin layukansu. A nan gida, layin tebur gadon Ghana Telecom ne, wanda Vodafone ya sayi kashi 70 cikin 100 nasa a 2008, Telecel kuma ya karɓa a 2023. Ga ɓarayin tagulla da ke haƙe igiya su sayar, ga masu aikin hanya da ke tsinka ta. A ɗaya ɓangaren, gwamnati ta kafa hukumar NITA a 2008 don haɗa ofisoshinta da intanet, kuma a 2015 aka ƙaddamar da igiyar faiba da ta tashi daga Ho zuwa Bawku. Majalisu 261 ke ƙasar nan, kuma ko ba jima ko ba daɗe kowacce za ta bi wannan hanya.

Amfanin a fili yake. Kira daga wannan ofis zuwa wancan a kan layi ɗaya ba ya cin kuɗin minti. Lamba guda tana iya ɗaukar mutane da yawa a lokaci ɗaya, ta rarraba su: wannan sashen tsafta, wancan sashen haraji. Ma'aikacin da ya fita duba gini zai iya amsa lambar ofis a wayar hannunsa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne na'urar tana ajiye lissafi: wa ya kira, ƙarfe nawa, an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Kuma lambar ta ofis ce. In aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ba zai tafi da ita a aljihu ba. Ga mutanen Zango, da 'yan damfarar MoMo ke yawan kira da sunan hukuma, sanannar lamba ɗaya kariya ce babba.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Tsohuwar waya daga ofishin kamfani take samun wutarta ta cikin igiya, shi ya sa ko an ɗauke wuta tana ƙara. Sabuwar kuwa da wutar ofis take rayuwa. Mu da muka sha dumso daga 2012 zuwa 2016 ba sai an yi mana bayani ba: in babu batir ko sola a bayanta, wuta na tafiya waya ta mutu. Haka intanet. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala lokaci guda, aka kwana da kwanaki ana fama. Ofishin da bai tanadi layi na biyu ba, ko ya tsara kira ya juya zuwa wayar hannu, irin wannan rana kurma yake zama. Akwai kuma ɓarayin intanet da ke farautar na'urar da ba a canza mata kalmar sirri ba, su yi ta kiran ƙasashen waje a bar wa majalisa bashi. In kuma ana naɗar muryar masu kira, dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta hau kan majalisa.

Sai maganar harshe. Na kira sabuwar lambar na gwada, sai murya ta amsa da Turanci tsantsa: danna ɗaya, danna biyu. Na tuna iyayen ɗalibaina, masu sayar da koko da waakye, waɗanda ke biyan tikitin kasuwa kullum. Wata uwa ta ce min, "Malam, ni da ban ji me take cewa ba, me zan danna?" Alhali naɗar wannan gaisuwa da Hausa ko Twi ko Dagbani aikin rabin yini ne, na'urar kuma tana ɗauka ba tare da an sayi komai ba.

Kuɗin wayoyin nan, ko daga asusun haɗaka na majalisu ya fito ko daga harajin kasuwa, na jama'a ne. Saboda haka idan wakilin unguwarku a majalisa ya zo taro, ku tambaye shi abu huɗu. Awa nawa wayar ke yi in an ɗauke wuta? Ina kira ke zuwa in intanet ya yanke? Da waɗanne harsuna take amsawa? Kira nawa aka bari ba a ɗauka ba a watan jiya? Amsar ta ƙarshe tana nan cikin na'urar, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ku damar nemanta a rubuce.