IN KWARORON ROBA YA FASHE, AWA 72 CE A HANNUN MUTUM

Mubi gari ne na mai shigowa da mai fita. Kasuwar shanunta tana tara fatake daga Kamaru da Cadi, direbobin manyan motoci suna lodin dabbobi zuwa Kudu, ga kuma dubban ɗalibai a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. A irin wannan gari akwai wata tambaya da ba a yin ta a majalisa, sai dai a raɗa wa ɗan kemis bayan sauran masu sayen magani sun watse, watau idan kwaroron roba ya fashe ko ya zame a lokacin saduwa, me mutum zai yi don kada ya kamu da cutar ƙanjamau?

Kada mai karatu ya ɗauka wanda ya kauce hanya ne kaɗai ke da wannan tambaya. Akwai ma'aurata da yawa waɗanda ɗaya yana ɗauke da cutar ɗaya ba shi da ita, kuma asibiti ne ya ba su kwaroron da kansa. Akwai zawarawa da suka sake aure bayan tarwatsewar da aka yi lokacin da Boko Haram ta kama garin a watan Oktoba na 2014, ba tare da an auna kowa ba. Akwai kuma wadda aka yi wa fyaɗe, wadda ba ta ma ga kwaroron ba, amma maganarta da tasu ɗaya ce a wajen likita. Wa'azi a kan tsare kai aikin malamai ne da limaman coci, kuma suna yi. Abin da ya dame mu a nan shi ne abin yi bayan mai aukuwa ta auku.

Amsar ita ce akwai magani, amma yana da wa'adi. Likitoci suna kiransa PEP, watau rigakafin bayan haɗari. Dalilinsa kuwa shi ne ƙwayar cutar ba ta mamaye jiki nan take. Takan fara laɓewa ne a wurin da ta shiga, sa'an nan ta kai ga kaluluwa, daga nan ta bazu cikin jini, kuma wannan tafiya tana cin 'yan kwanaki. Idan magani ya riga ta, sai ya hana ta hayayyafa har ta mutu a hanya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara shan maganin kafin awa 72 ta cika, kuma wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya fara a ta uku samun kariya. Ƙwaya ɗaya ce a kullum har kwana 28, wadda ta haɗa magunguna uku: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1997 aka bayyana wani bincike a kan ma'aikatan asibiti waɗanda allura mai jinin majinyaci ta soke su, aka ga waɗanda suka sha tsohon maganin nan zidovudine haɗarinsu ya ragu da wajen kashi 81 cikin 100. Magungunan yau sun fi shi ƙarfi, kuma sun fi shi sauƙin sha.

To, ina awa 72 ɗin nan take salwanta? Ranar farko takan tafi ne a kan kunya da fatan ba kome. Rana ta biyu sai a nufi kemis a sayi Ampiclox ko Septrin a haɗiya. Waɗannan ba su da wani tasiri a kan ƙwayar ƙanjamau ko kaɗan. Ruɗanin da ake yi game da Septrin yana da asali, domin ana ba masu cutar shi a asibiti, amma don ya tsare su daga ciwon huhu da wasu cututtukan da ke samun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ne. Wasu mata kuma sukan yi tsarki da Dettol ko lemun tsami ko alif, alhali wannan yana ƙuje fata ne, ya ƙara buɗe wa cutar ƙofa. Ruwa da sabulu a waje sun wadatar.

Mu yi lissafi. Idan abin ya faru a daren Juma'a, wa'adin zai cika a daren Litinin. Wanda ya ce bari ya jira ranar aiki ya riga ya cinye kwana biyu da rabi. Saboda haka ko Asabar ce ko Lahadi, a tafi sashen gaggawa na babban asibiti a faɗa wa malamin da ke bakin aiki abin da ya faru da lokacin da ya faru, ba tare da kewaye-kewaye ba. Duk asibitin da ke raba wa masu cutar magani yana da wannan ƙwaya, gama ita ce dai suke sha, kuma tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin kyauta a asibitocinta, ko da yake kuɗin kati ba ya rasa tasowa. Mutumin Maiha ko Hong ko Michika ko Madagali ya sa kuɗin mota da lokacin tafiya a cikin lissafinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ma'auratan da suka san ɗayansu na da cutar ya kamata su tambayi likitansu tun yau inda za su nufa da tsakar dare.

Shin mene ne girman haɗarin? A nan ana bukatar natsuwa, don tsoro ya sa wasu sun kwanta ciwon da babu shi. Bisa ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, idan namiji mai cutar wanda ba ya shan magani ya sadu da mace sau ɗaya ba kariya, haɗarinta kamar 8 ne cikin 10,000, idan kuwa macen ce mai cutar haɗarin namijin kamar 4 ne cikin 10,000. Saduwa ta dubura ta fi nan nesa, wajen 138 cikin 10,000. Kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 ne na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, jimillar masu ita kuwa wajen miliyan 1.9. Watau yawancin waɗanda kwaroro ya fashe musu ba za su kamu ba. Amma wannan lissafin taro ne. Yana hauhawa idan akwai gyambo ko ciwon sanyi ko jini, ko kuma idan abokin saduwar bai daɗe da kamuwa ba, lokacin da ƙwayar ke cike da jininsa shi kansa bai sani ba. Auna wannan aikin likita ne, ba na mai abin ba.

Sai maganar awon jini, inda kuskure ya fi yawa. Mutum ya wayi gari ya je a auna shi, a ce babu, ya fito yana hamdala. Wannan sakamako bai ce kome ba game da daren jiya. Abin da ya nuna kawai shi ne ba shi da cutar tun da can, kuma dalilin da ya sa ake yin sa ke nan kafin a ba da PEP, domin wanda ya riga ya kamu cikakken magani yake bukata na tsawon rai, ba na kwana 28 ba. Awon gaggawa da aka saba yi da ɗigon jinin yatsa, irin su Determine da Uni-Gold da Stat-Pak, ba ƙwayar kanta yake gani ba, yana ganin makaman da jiki ya ƙera ne don yaƙarta, jiki kuwa yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin su bayyana. Awon ɗakin bincike da jinin jijiya yakan gano ta tsakanin kwana 18 da 45. Don haka a koma awo bayan mako 4 zuwa 6, sa'an nan a sake a wata 3, wanda shi ne mai yanke hukunci. Na'urar auna kai da ake gogawa a dasashi ita ma wata ukun take jira. Idan abokin saduwar ya yarda a auna shi tare, ya sauƙaƙa wa likita aiki ƙwarai.

Alamomi ba abin dogaro ba ne. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje da kaluluwa bayan mako 2 zuwa 4, wasu ba sa jin kome. A garin da zazzaɓin cizon sauro da taifot suke kwana a kowane gida, wa zai bambanta?

Wata ukun nan na jira su ne jarrabawar mai iyali. Magidanci mai mata biyu ko uku wanda ya yi shiru ya ci gaba da raba kwana kamar ba abin da ya faru, to idan har ya kamu yana yin haka ne a daidai lokacin da ya fi saurin yaɗa ta, kuma idan akwai mai ciki ko mai shayarwa, abin yana iya kaiwa ga jariri. Ko ya ƙaurace, ko ya yi amfani da kwaroro, kuma kada ya ba da jini, har awon ƙarshe ya fito. Mace mai ciki tana iya shan PEP, sai dai ta sanar da likita. Wadda ba ta son ɗaukar ciki ta tambayi maganin gaggawa na hana shi, shi ma cikin awa 72 ya fi aiki. A kuma nemi awon ciwon hanta nau'in B da tunjere da ciwon sanyi, domin ciwon hantar ya fi ƙanjamau saurin kamawa.

Ga ma'auratan da muka ambata da fari akwai albishir. Wani bincike da aka yi a Turai, wanda aka bayyana a 2016, ya bi ma'auratan da ɗayansu ke shan magani har ƙwayar ta kwanta a jininsa, aka ƙidaya saduwa wajen 58,000 ba kwaroro, ba a sami wanda ya ɗauka daga abokin zamansa ba ko ɗaya. Sharaɗin shi ne shan magani ba fashi, da awon da ya tabbatar ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini. Matar da mijinta ke kan wannan hali, ta riƙe takardar awonsa na ƙarshe ta nuna wa likita.

Fashewar kanta yawanci tana da sanadi. Roba ba ta jure zafi, kuma kowa ya san ranar Mubi a watan Maris da Afrilu, wadda ke gasa kayan da aka baza a tebur ko aka jefa a gaban mota ko aka matse a aljihun baya. Basilin da man gyaɗa da man shafawa suna cinye robar cikin 'yan mintoci. Haɗa biyu a lokaci guda yana sa su goge juna su yage. Ga rashin duba ranar lalacewa, da yage leda da haƙori, da rashin matse iskar da ke kan hancinsa.

Saura tsoron tonon asiri, wanda a gari kamar Mubi, inda malamin asibiti kan zama maƙwabci ko suruki, ba abin rainawa ba ne. Tun da aka bayyana cutar a Nijeriya a 1986 ake fama da wannan tsoro. Dokar hana ƙyamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta wa ma'aikacin lafiya bayyana sakamakon mutum ba da izninsa ba, ta kuma hana korar ma'aikaci ko ɗalibi saboda cutar. Wanda duk da haka ba ya son a gan shi a asibitin unguwarsu, ba a tilasta masa nan ba, yana iya zuwa na wata ƙaramar hukuma, muddin zai isa kafin awa 72 ta cika.