Ƙarfin tsoka ga dattawa masu ɗauke da ƙanjamau a Basunda

Tsoka tana zubewa da shekaru, amma ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau zubewar takan fara da wuri. Tun 1996 da aka samu haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, masu ita suna kaiwa ga tsufa, sai dai tsufan yakan zo da raunin gaɓɓai. Ƙwayar tana barin jiki cikin kumburin da ba a gani. Tsohon maganin stavudine, wanda aka daina bayarwa, ya ramar da fuska da ƙafafun mutane da yawa, tenofovir kuma yana iya rage ƙarfin ƙashi.

A Basunda, cikin jihar Gadarif ta Sudan kusa da iyakar Habasha, rayuwa noma ce, na dawa da riɗi, kuma Hausawa na cikin manoman jihar tun zamanin da kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka. Dattijon da cinyarsa ta yi rauni, abin da zai fara gani shi ne tashi daga sujada sai da dafa ƙasa, daga nan fartanya ta gagare shi. Akan ɗauka aikin gona ya wadatar a matsayin motsa jiki. Bai wadatar ba, domin na damina ne da kaka, da rani kuwa jiki yakan mutu da zama.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya masu ƙanjamau cikin shawararta: minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan ba ya buƙatar na'ura. Mutum ya zauna a bakin gado ya miƙe sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ya huta, ya sake. Ya ɗaga jarka mai ruwa kaɗan, bayan mako biyu ya ƙara ruwan. Ƙarin nauyin a hankali shi ke gina tsoka, kuma ba ya cutar da garkuwar jiki.

Sai dai atisaye ba ya maye gurbin magani, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula samar da magunguna a Sudan. Tsoka tana kuma son abinci: wake, gyaɗa, madara, ƙwai. Wanda yake fama da zazzaɓin da ya ƙi sauka, ya dakata da atisaye ya je asibiti, domin irin wannan zazzaɓi na iya zama alamar cutar kala'azar, wadda ta yi ƙaurin suna a Gadarif, kuma ta fi tsanani ga mai raunin garkuwa.