Ruwan Sha Da Hasken Rana

Jama'a, kun sha jin an ce a shanya ruwan sha a rana cikin kwalba mai garau. Gaskiya ne, amma ku lura. Rana tana yi wa ƙwayoyin cuta rauni a cikin abin gadonsu, wato DNA. To, waɗansunsu suna da wani sinadari, fotolayes, mai ɗauke da dangin bitamin B2. Da shuɗin haske ya same shi sai ya ɗinke raunin, ƙwayar ta farfaɗo. Albert Kelner ya ga wannan farfaɗowa a Amurka a 1949.

Saboda haka kada ku yi garajen ɗauke kwalba, ƙwayar da ta ji rauni ba ta mutu ba. Ku bar ta awa 6 cur, in da gajimare sosai kwana 2. Ruwan jariri kuwa, a tafasa shi.