Sayar da Giya a Filin Wasan Jami'a: Lissafin Hukuma da Lissafin Hanta

A kowace ranar Asabar, daga ƙarshen watan Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, dubban mutane a Amurka sukan cika filayen wasa na jami'o'i domin kallon ƙwallon ƙafa irin tasu. Mai karatu ya lura, wannan ba ƙwallon da muka sani ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, yawanci da hannu ake ɗaukarta, ana ture-ture kamar kokawa. An raba wasan kashi huɗu, kowane kashi minti 15, amma saboda yawan tsayawa akan shafe fiye da awa uku ba a tashi ba. Filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000.

Shekara da shekaru yawancin jami'o'in nan ba sa sayar wa 'yan kallo giya a cikin fili. Tun 1984 wata dokar tarayya ta matsa wa jihohi su hana sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 21 ba, ga shi kuwa ɗalibai da yawa ba su kai ba. Sannu a hankali al'amarin ya canja. Jami'ar Wes Bajiniya ta fara sayarwa a 2011, Jami'ar Jihar Ohayo a 2016, ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, ta janye haramcinta a 2019, Mishigan kuma ta bi sahu a 2024.

Kuɗin shiga na cikin dalilai, babu shakka. Amma akwai hujja ta biyu wadda ta shafi ilmin halitta. A al'adarsu 'yan kallo sukan taru a wurin ajiye motoci tun da hantsi, suna gashin nama suna sha. Wanda ya san ba zai sami giya a ciki ba yakan ɗura da yawa cikin gaggawa kafin ya shiga. Masu goyon bayan sayarwa sun ce idan akwai giya a ciki, da tsada kuma da ƙa'ida, mutum zai sha a hankali. Domin mu auna wannan hujja, sai mu bi giyar cikin jiki.

Tafiyar barasa a jiki

Sinadarin da ke bugarwa a giya sunansa itanol. Yis ne ke samar da shi yayin da yake cin sukarin hatsi, ko sha'ir ne ko dawar da ake burukutu da ita. Gwangwanin giya mai mililita 355, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, yana ɗauke da kimanin giram 14 na itanol. Kofi mai mililita 473, irin wanda akan sayar a filayen wasa, ya kusa giram 19.

Itanol ba ya jiran narkewa kamar abinci. Kaɗan daga cikinsa yakan ratsa bangon tumbi, mafi yawa kuwa ta ƙaramin hanji yake shiga jini. Idan ciki wayam ne, cikin kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya ya kai ƙololuwarsa a jini. Abinci yakan jinkirta shi. Daga nan sai ƙwaƙwalwa. A can yana ƙarfafa saƙonnin da ke kwantar da jijiyoyi, yana raunana masu farkar da su. Sashen goshi, mai kula da hangen nesa da kame kai, yana cikin waɗanda ke fara rauni, shi ya sa ƙaramar gardama kan zama dambe. Wannan sashe kuwa ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Idan shan ya ƙaru sai ya taɓa sashen ƙeya mai daidaita tafiya, abin tsoro ga mai saukowa daga dogayen matakalan fili.

Har ila yau itanol yana rage fitar wani sinadari mai suna basofiresin, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Sai fitsari ya yawaita, ga gumin zafin Satumba a jihohin kudu, jiki ya rasa ruwa. A sanyin Nuwamba na arewa kuma yana buɗa hanyoyin jinin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa zurarewa yake yi.

Hanta ba ta gaggawa

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na itanol hanta ce ke sarrafa shi. Da farko ta mayar da shi asitaldihaid, wanda guba ne kuma yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, sa'an nan ta mayar da wannan asitet, wanda jiki ke ƙonewa. Abin lura a nan shi ne, saurin aikin kusan ƙayyadadde ne: kimanin gwangwani ɗaya a awa, ko ƙasa da haka. Kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri.

Ke nan hujjar masu sayarwa tana da tushe. Gwangwani biyar a awa ɗaya sun fi gwangwani biyar a awa biyar ɗaga barasa a jini nesa ba kusa ba. Sai dai hujjar tana tsayawa ne in giyar ciki ta maye gurbin ta waje. In ƙari ta zama a kanta, lissafi ya rushe.

Dubi kuma ƙa'idar da SEC ta kafa a 2019, ta daina sayarwa a ƙarshen kashi na uku na wasa. A jihohin Amurka laifi ne babba ya yi tuƙi idan barasa ta kai giram 0.08 a kowace mililita 100 ta jininsa, ban da Yuta da ta rage zuwa 0.05 a 2018. Wannan adadi yana sauka da kimanin 0.015 a awa. Wanda ke da 0.10 lokacin da aka rufe kanti, bayan awa ɗaya yana wajen 0.085, wato har yanzu bai halatta ya riƙe sitiyari ba, ga kofin ƙarshe bai ma gama shiga jini ba.

Me aka gani a aikace?

Jami'ar Kolorado ta hana giya a filinta a 1996, kuma wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna kame-kame da faɗace-faɗace da korar 'yan kallo sun ragu sosai. Wes Bajiniya kuwa ta ba da rahoton raguwar rigingimu bayan ta fara sayarwa. Amma a shekarar ce kuma ta hana fita waje lokacin hutun rabin lokaci a dawo, ƙofar da a dā ake bi a je a ƙara sha. Idan an canja abu biyu a lokaci guda, mai bincike ba zai danganta sakamako ga ɗaya kaɗai ba.

Saboda haka tambayar da ta kamaci kowace jami'a ba ta tsaya ga sayarwa ko hanawa ba. Giram nawa ya shiga jinin ɗan kallo tun safe, cikin awa nawa, kuma wa zai tuƙa shi gida? Hukuma tana iya canja dokar fili a zama ɗaya, hanta kuwa da saurinta za ta ci gaba da aiki.