Daga 0.2 zuwa 2.0: abin da jinkirin gashin kansar furostet ke ci

Duk wanda ya zauna a Madinat Nasr, unguwar nan ta gabashin Alƙahira inda Jami'ar Azhar take da babban mazauninta na zamani, ya san ba karatu kaɗai ke kawo mutanenmu Masar ba. Dattawa na zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato neman magani, su kama haya na wata ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ɗalibi ɗan gida ne ke yi musu tafinta a gaban likita. A cikinsu akwai waɗanda aka riga aka cire wa furostet, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai ga awon jini ya nuna cutar ba ta gama tafiya ba. Likita ya ce sai an yi gashi, ya zayyano alƙaluma, tafinta ya rasa wanda zai riƙe.

Awon da ake magana shi ne PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa. Idan an cire ƙululun, cikin 'yan makonni ya kamata ya sauka kusan sifiri. In ya hau zuwa 0.2, aka sake awo aka tabbatar, likitoci sukan ce cutar ta dawo, ko da mutum yana jin kansa garau. Wannan labari yana kaɗa hantar mutum, amma ba sanarwar ajali ba ce. Nazarin da aka buga a 1999 daga asibitin Johns Hopkins na Amurka ya bi maza 1,997 da aka yi wa tiyatar. Kashi 15 cikin ɗari ne awonsu ya hau, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗannan ne cutar ta bazu a jikinsu, bayan tsakaicin shekara takwas.

Sai dai kada shekara takwas ɗin ta sa a yi sake. A 2016 Dakta Rahul Tendulkar da abokan aikinsa sun tattara bayanan maza 2,460 da aka gasa bayan tiyata, suka duba nawa ne awonsu bai sake hawa ba bayan shekara biyar. Waɗanda aka fara yi wa gashi PSA bai wuce 0.2 ba, kashi 71 ne suka tsira. Daga 0.21 zuwa 0.5, kashi 63. Daga nan zuwa 1.0, kashi 54. Tsakanin 1.0 da 2.0 ya koma 43, waɗanda suka haura 2.0 kuwa kashi 37 kacal. Na'ura iri ɗaya, cuta iri ɗaya, amma nasara ta ragu kusan rabi. Gaskiya ne bayanan asibitoci aka tattara, ba gwajin da aka raba marasa lafiya ta ƙuri'a ba, don haka mai yiwuwa wasu masu babban awo tun farko cutarsu ta fi zafi. Duk da haka dalilin a fili yake: gashi yana kashe abin da ke gurbin tiyatar ne da kewayensa, kuma duk yadda awo ya hau, haka yiwuwar cutar ta riga ta fice daga inda hasken ke kaiwa. A ganina wannan jeri shi ne ya fi cancanta iyali su haddace, domin watannin da ake ɓatawa wajen tara kuɗi da neman biza da shawarar dangi, a nan ake biyan su.

To me zai hana a gasa kowa da zarar an gama tiyata? An gwada. Gwajin RADICALS na Birtaniya da Denmak da Kanada da Ailan ya ɗauki maza 1,396, aka gasa rabi nan take, rabi aka sa musu ido sai awo ya motsa. Bayan shekara biyar, kashi 85 da kashi 88 ne ba su ga dawowar cutar ba, wato babu bambancin a-zo-a-gani. Da aka haɗa shi da gwajin Faransa da na Ostireliya da Niyu Zilan a 2020, jimillar maza 2,153, sakamakon ya zama 89 da 88. A cikin waɗanda aka jira, kusan shida cikin goma ba su kai ga buƙatar gashin ba a lokacin da aka yi lissafin, sun huta da ƙarin matsalar riƙe fitsari da tsukewar hanyarsa. Amma jiran nasu da sharaɗi: ana auna su a kai a kai, ana kuma fara gashi awo na wajen 0.2. Wanda ya koma gida ya shekara biyu bai yi awo ba, ba irin wannan jiran ya yi ba.

Batun haɗa gashi da maganin danne sinadarin maza ya fi sarƙaƙiya. A gwajin RTOG 9601, wanda aka buga a 2017, maza 760 ne, rabinsu suka sha bicalutamide shekara biyu. Bayan shekara 12, kansar ta kashe kashi 5.8 na masu shan maganin, da kashi 13.4 na waɗanda aka gasa kawai. Riba ce babba, amma kusan bakwai cikin goma nononsu ya kumbura, kuma da aka sake bin bayanan a 2020 sai aka ga masu babban awo ne suka kwashi amfanin. Waɗanda awonsu bai wuce 0.6 ba tsawon ransu bai ƙaru ba. Faransawa sun gwada allurar wata shida ga maza 743, suka sami kashi 80 ba tare da cutar ta ci gaba ba a shekara biyar, maimakon 62. Maganin yana rage sha'awa da kuzari, kuma dattijon da ke jin nauyin faɗin haka a gaban yaron da ya kai jikansa yana da haƙƙin a samo masa tafinta sa'ansa.

Akwai kuma lissafin da ya shafi aljihu. RADICALS ya yarda da tsari biyu: zama 33 cikin mako shida da rabi, ko zama 20 cikin mako huɗu. Ga mai biyan haya a Hayyul Ashir ko kusa da titin Abbas al-Aƙƙad, mako biyu da rabi ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu laifi a tambayi likita ko gajeren tsarin ya dace da mutum.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a Turai da Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan aka yi su. A Najeriya kuwa, ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sabbin masu kansar furostet kusan 18,000 a shekara, ita ce ta ɗaya a tsakanin maza, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta wuce a yi tiyata. Cibiyoyin gashi irin na Shika a Zariya da asibitin koyarwa na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja sun yi wa Arewa kaɗan, shi ya sa ake hawa jirgi. Awon PSA dai ana yin sa a gida. Wanda aka yi wa tiyata ya riƙa yin sa duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, a ɗakin awo guda, ya adana takardun bi da bi da kwanan watansu, ya fara neman layin gashi tun ranar da awo biyu a jere suka nuna hawa.