Manomi a Ƙasar Hausa: Aikinsa da Ladansa

Shekarar manomi a ƙasar Hausa tana somawa ne tun kafin hadari ya haɗu. A bazara ake sharar gona, a ƙone ƙaya da tushiya, a kai takin gida a kan jaki ko amalanke. Da ruwan shuka ya sauka, galibi a watan Mayu ko Yuni, sai a fita da sungumi, wani na sara, wani na biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Daga nan babu hutu: noman farko, maimai, sannan huɗa. Gero kan nuna cikin wata uku, shi ne ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Dawa kuwa sai sanyi ya fara shigowa. A tsakanin kunyoyi ake tsarma wake da gyaɗa, dabarar da ta daɗe kafin masana su bayyana cewa saiwoyinsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Harawarsu kuma ita ke riƙe tumaki da awaki har rani ya wuce.

Duk wannan aiki caca ce da ruwan sama. Idan ya ɗauke mako uku bayan tsiro, sai a sake shuka. Ga ƙuduji mai shanye dawa tun daga saiwa, ga jan baki da ke sauka kan zangarniya garke guda. Asarar duk a wuyan manomi take.

Mutanen da sun san haka, shi ya sa suka yi wa noma sarauta. A ƙasashen Katsina, Gobir da Maraɗi, wanda ya tara dami dubu yakan yi bukin dubu, ya ciyar da jama'a, ya raba hatsi, a kira shi Sarkin Noma. Abin lura, girman ba a tarawa kaɗai yake ba, sai an ga rabon. Gayya ma haka take: samari su taru a gonar mutum guda, makaɗa na zuga su, a nome ta kafin azahar. Shari'a kuma ta ɗora zakkar kashi ɗaya cikin goma a kan amfanin damina, rabin haka a kan na ban ruwa, don haka rumbun manomi ya zama abincin mabukata.

Gumin nan ya gina fiye da rumbu. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice a cinikinta, aka jera buhuna dala-dala. Kuɗin gyaɗa da auduga na cikin abin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi makarantu da hanyoyi da shi. Farin 1973, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma, su suka rushe dalar. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta buɗe wani babi: noman rani a Kadawa, Kura da Garun Malam, inda shinkafa, alkama da tumatir ke fitowa har su kai kasuwannin Legas. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya kuma tana fitar da irin masara, dawa da wake masu saurin nuna.

Sai dai ladan bai kai aikin ba. Da kaka farashi ke faɗuwa, a daidai lokacin da bashin taki da hidimar gida suka matsa, sai manomi ya sayar da araha. Mai jari ya kwashe ya kulle a sito a kasuwar Dawanau, damina na kamawa manomin ya dawo yana awo da tsada. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato kuwa, 'yan bindiga sun hana noma gonakin nesa, wasu ƙauyukan sai sun biya haraji kafin su yi girbi.

Yabo a bakin lasifika ba ya rage ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da manomi ke jira shi ne taki kafin shuka, wurin ajiya, hanya zuwa kasuwa, da tsaron da zai bar shi ya kai gonarsa ya dawo.