A Abuja, Fili Yana Ci Yana Sha

Mun taso muna jin manya na cewa fili ba ya ci, ba ya sha: ka saya, ka kafa turaku, ka manta da shi har yara su girma. A garuruwanmu wataƙila haka ne. Wanda ya shigo Abuja da wannan lissafi kuwa, hawan jini ya sayo wa kansa.

Tun daga dokar 1976 da ta kafa birnin, ƙasar Abuja duka ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma ta hannun minista ake bayar da fili. Takardar da ke hannunka, ko da C of O ce, izinin zama ne na shekara 99 bisa sharaɗi: ka yi gini cikin wa'adi, ka riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara. An daɗe ba a matsa ba, har mutane suka ɗauka sharuɗɗan ado ne. Sai ga Nyesom Wike ya zama ministan Abuja a Agustan 2023. Wata guda da zuwansa ya ƙwace fuloti 165 da aka bari ba gini, har a Maitama da Asokoro. A Maris na 2025 aka soke takardu 4,794 saboda bashin kuɗin ƙasa na fiye da shekara 10, a Mayu kuma aka garƙame hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, sai da Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da mako biyu a biya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma waɗannan manya ne, suna da lauyoyi. Wanda nake tausayi shi ne ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, dillali ya kwashe shi zuwa bayan Kuje ko Lugbe, ya nuna masa fili shimfiɗe, ya miƙo takarda mai hatimin mai unguwa. “Alhaji, yau ne fa kawai, wani ma yana hanya da kuɗinsa.” Duk sanda na ji wannan magana, sai in mayar da hannuna aljihu. Hatimin sarauta ba ya mallaka wa kowa fili a Abuja. Waɗanda rusau ɗin zamanin minista Nasir El-Rufai ya ci a Karmo da Chika, tsakanin 2003 da 2007, da yawansu da irin wannan takarda suke riƙe.

A zamanin nasa ne aka kafa AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen birnin. Can za ka je da lauyanka, kai ka nemo shi ba dillali ba, a binciko fayil: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, akwai bashi? Ko sakamako ya fito fes, da sauran aiki. Takarda tana iya zama ta gaskiya, amma filin da aka tsayar da kai a kansa ba shi take nufi ba. Ɗauki mai awo ya gwada lambobin takarda da ƙasar da kake takawa. Kuɗinsa bai kai la'adar dillali ba.

Sai ruwa. A Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe. Gidan da ka gani da rani bai gaya maka komai ba. Koma a Agusta, duba gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka zauna wurin mai shayin layin ka saurara.

Wanda duk ya tsallake waɗannan, kasuwa na jiransa. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, kuma mai ginin da ya yi lissafi daidai wa daida a linta ya tsaya. Shi ya sa ban yarda mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a fili ɗaya ba. A ware na kuɗin ƙasa, na amincewar zanen gini, na tashin kaya, a kuma bar na cefane da asibiti inda hannu zai kai. Ranar da larura ta taso, gida ko a Gwarinpa yake ba ya sayuwa cikin mako guda, kuma dillalin da ya rantse maka da darajarsa ranar saye shi zai fara taya shi da rabin kuɗi.